Sandar Baba Mai Gyara

Tela na zaune tana fama da ɗinkin hannu, kekenta a lulluɓe da zane, sai ta ji sanda ta bugi bango. Ta yar da rigar da take ɗinkawa, ta fita ko takalmi babu, ta faɗa gidan maƙwabcinta, Baba Mai Gyara.

Yana kishingiɗe a kan matasai, robar iska a hancinsa, tukunyar iskar na huci a gefen gado. Sandar na matse tsakanin tafukansa biyu, don yatsun sun daɗe da daina riƙo. Ciwon gaɓoɓi ya karkatar da su gefe guda kamar ciyawar da ruwa ya kwantar. 'Yarsa Auta na tsaye tana hararar sandar.

"Keken ya lalace ne?" ya ce, yana tsinka maganar yana jan numfashi.

Tela ta ce lafiyar keken ƙalau, ta rufe shi ne don Baba ya samu ya huta.

"Ashe kin binne ni tun da raina."

Wallahi sai kunya ta kama ta. Wannan fa shi ne mutumin da babu telan da bai ci albarkacin hannunsa ba a layin nan wajen gyaran keken ɗinki. Da ciwo ya ƙwace hannun, bai zauna yana Allah-sarki da kansa ba, ya koma aiki da kunne. Bango ɗaya ne tsakanin ɗakinsa da nata. Tana ɗinki yana saurare: bugu ɗaya, keke na son mai, bugu biyu, zare ya yi tsauri. Ta sha yi masa tsiya cewa ko mijinta bai sa mata ido haka ba, shi kuma ya ce ai mijin bai san daɗin keke ba.

Sai busasshen tari ya zo masa, sai haki daga gado zuwa ƙofa. Masu baki suka ce taba ce, mutumin da ko ashana bai taɓa ƙyasta wa sigari ba. Likita ne ya raba gardama, ya ce ciwon da ya murɗe yatsun shi ne ya gangara huhu, ya sa ya yi tauri, ba ya buɗewa.

Yanzu Baba ya ce tun kafin ta rufe keken yake jin wani ƙas-ƙas a cikinsa, abin ya tsaya masa a rai ya fi tarin. Tela ta roƙe shi ya faɗa mata wurin, ta gyara a wuce wurin. Ya girgiza kai. Shekara da shekaru tana aron kunnensa, yana so ya sani kafin ya tafi ko ya bar mata nata.

"Je ki nemo, 'yar nan. In kin gano, ba za ki ji ni ba."

Ta koma ɗaki, ta yaye zanen. Ta ɗiga mai, ta taka. Sanda ta bugi bango. Ta sassauta zare, ta taka. Aka sake bugawa, a raunane, har sai da ta kasa kunne. Hawaye ya cika mata ido, ta ji haushin kanta, ta ji haushin tsohon da taurin kansa. Sai ta rufe ido kamar yadda ta sha ganin yana yi, ta juya keken da hannu a hankali. Can ƙasa ne, wajen kwarkwaron zare. Wani ɗan noti ne da bai kai ƙwayar shinkafa ba ya saki. Ta ɗaure shi, ta taka.

Keken ya tafi sumul. Bango ya yi shiru.

Daɗi ya cika ta, tsoron abin da shirun ke nufi ya biyo baya. Ta kasa ɗage ƙafa. Ta gama rigar, ta jawo wata, ta ci gaba da takawa har inuwa ta juya, sannan ta ga Auta a bakin ƙofa rungume da sandar.

Auta ta ce da kansa ya ajiye ta a kan ƙirjinsa. Ya yi murmushi ya ce, "Ta gano." Ya kwanta yana saurare har numfashin ya tsaya, kuma ita ma ba ta so ta zo ta katse keken ba.

Telolin layin kaf suka rufe shago suka raka shi. Tela ta yi kuka son ranta, amma duk wanda ya zo gaisuwa sai ta gaya masa ita ce ɗalibarsa ta ƙarshe, kuma ta ci jarrabawa.

Da aka share makoki Auta ta ba ta sandar, Tela ta jingina ta a bangon, ta ɓangarenta. Ta zura zare a allura, ta ɗan karkata kai wajen keken, ta taka.