Ƙafar Baba Tela

Sati uku ina aiki a ɗakin masu rauni, sati uku Sista Babba na kirana Malama Littafi. Laifina ɗaya, na ce ba a auna zafin ciwo bayan an wanke shi.

Ita sai ta kwance bandeji, ta kwarara ruwan gishiri mai sanyi, fanka na kaɗawa a kai, sannan ta haska wa ciwon ma'aunin zafin jiki. Dole ya nuna sanyi mana! Ko garwashi ka jiƙa ai ya lafa.

Ranar Laraba abin ya zo kan Baba Tela, mai ciwon suga, gado na huɗu. Likita ya ce idan ƙafar mai ciwon ba ta fi ɗayar zafi ba, a sallame shi. Ni kuwa na san in ƙwayoyin cuta na ciki ya koma gida haka, yatsun nan sai dai a yanke.

"Sista, bari in auna kafin ki wanke."

"Lokacin da na fara wanke ciwo, yarinya, ko rarrafe ba ki iya ba." Ta zuba ruwanta, ta auna, ta rubuta lafiya lau.

Na kashe fankar. Na rufe ciwon da auduga, na yaye bargon da ke kan ɗaya ƙafar, na jawo kujera na zauna jiran ƙafafun biyu su koma ainihin zafinsu.

"Gadi kika koma?" in ji Sista. Masu jinya suka kwashe da dariya.

Baba Tela ya harare ni. "'Yata, ɗinkin mutane na jirana. Ƙafar taki ce?"

"Taka ce, Baba. Rabin awa kawai."

Gumi ya jiƙa mini wuya. Na gado na biyar ya yi ta tsaki saboda fanka. Sau biyu Sista ta aike ni ɗauko magani, na ce sai na gama. Ba don a yi mini tafi na yi shekara uku a makaranta ba.

Da likita ya shigo, na auna a gabansa, wuri ɗaya a kowace ƙafa. Mai ciwon ta ɗara da digiri uku. Likita ya danna gefen ciwon, Baba bai ji komai ba, amma ruwa ya tsatso.

Likita ya soke sallamar, ya ce a sa masa ruwan allura yanzu. Sista ta ce dama ita ma ta ga alama. Baba Tela ya juya fuskarsa bango, ya miƙo mini hannun ba tare da ya kalle ni ba, na shiga neman jijiya.