Hula Ɗaya Ake Cirewa

Octav ya dubi ɗigon da ya fito a kan ɗan allon gwaji. Aikin wata guda ya tafi a banza. Sinadarin alkohol ne mai doguwar sarƙa, wanda ake haɗa ƙamshin tarkon ƙwarin tuffa da shi. Baki biyu gare shi, kowanne an sa masa hula, kamar yadda suke faɗa a ɗakin binciken, don kada ya haɗu da wani abu kafin lokaci. Ɗaya ake cirewa a bar ɗayar. Shi kuwa sarkin gaggawa ya zuba asid fiye da kima, duk biyun suka fita.

Farfesa Vulpescu ya leƙo ta bayansa.

"Kai dai hannun faskare gare ka, Octav. Ina matarka? Murar nan tata ba ta ƙarewa ne?"

Ya ce tana samun sauƙi. Farfesa ya tuna masa manoma na jira, kuma watan gobe ake sabunta kwantiragi.

Ba mura ba ce, ciki ne Sorana, matarsa kuma abokiyar aikinsa, ke ɗauke da shi. A cibiyar nan, matar da cikinta ya fito kafin a sa hannu, furanni ake ba ta da fara'a, a ba wata kujerarta. Likita ta hana ta shaƙar kayan aikin, ga injin zuƙe tururin ɗakin ya mutu tun bara, ƙara kawai yake yi. Duk Octav ya san wannan.

*

A gida mahaifiyarsa Veturia ta zuba musu miyar kabeji. Ya yi ta kewaye-kewaye, daga tsadar haya zuwa halin Farfesa, har Sorana ta ajiye cokali.

"Duk biyun suka fita, ko?"

Ya gyaɗa kai. Ta ce to, za ta shiga gobe, gyaran aikin yini biyu ne in an bi shi a hankali.

"Tavi, ka ce mata ta zauna mana," in ji tsohuwar, da sunan da take kiran Octav.

Ya sunkuyar da kai cikin kwano. Kunya ta rufe shi, ba don ya ɓata aikin ba, don sanyin da ya ji a ransa da ta ce za ta je.

*

Da safe rigar aikinta ta ƙi rufuwa. Ya tuɓe tasa ya sa mata, ya ɓalla maɓallan da hannunsa har ƙasa. Farfesa ya wuce yana tsokanarta wai mura ta karɓe ta, har ƙiba ta yi. Octav ya taya shi dariya.

Sorana ta jera ƙanƙara, ta jawo kwalbar ta buɗe. Warin ya taso. Sai Octav ya tsinci kansa ya ja da baya, ya riƙe numfashi, ita kuwa ta sunkuya ta fara ɗiga asid ɗin.