Ina Zuwa

Ɗalibaina Jan Biro suke kirana a bayan idona, kuma ban taɓa ganin laifinsu ba. Turanci nake koya wa manya da yamma, a wani aji da ke saman shagon masu sayar da taya. Ni irin mutumin nan ne da ko allon mai gyaran waya na gani a hanya sai na gyara rubutun a zuci. Matata takan ce ko ranar da na mutu sai na leƙo na duba ko an sa waƙafi a sanarwa.

Ita ta riga ni. Wata safiya ta ce kanta yana sara mata, za ta leƙa asibiti a auna jininta. Ta rataya jaka, ta tsaya a bakin ƙofa ta ce wa 'yarmu, "I am coming." Da gangan take faɗar haka. Shekara da shekaru ina gaya mata cewa wannan "ina zuwa" ce tamu aka sa wa rigar aro, Bature ba ya cewa yana zuwa alhali fita yake yi, "I'll be back" ake cewa. Ita kuma ta ce Bature ya ji da kansa. A layin ganin likita ta yanke jiki ta faɗi. Kafin yamma an gama komai.

'Yarmu ba ta daɗe da shiga makaranta ba. 'Yar Baba muke ce mata. Yayata ta ɗauke ta zuwa gidanta tun ranar, ba ta dawo da ita ba sai da masu gaisuwa suka watse. An ce mata Mama ta yi tafiya. Tun da ta dawo, kullum in an taso daga makaranta sai ta ja ƙaramar kujerar roba zuwa bakin ƙofa ta zauna, ta jera silifas ɗin uwar a gefenta. Ni ya kamata in gaya mata gaskiya, ban kuwa gaya mata ba.

Ban yi kuka ba, kuma ba jarumta ba ce. Ina cin abinci, ina wanka, ina goge takalmi. Mutane suna cewa Malam akwai haƙuri, ni kuwa na san ba haƙuri ba ne. Jikina duka ya zama kamar ƙafar da aka daɗe zaune a kanta, ko an tsunkule ta ba ta ji.

Ranar da zan koma aiki Yaya ta zo ta zauna da yarinyar. Ta tare ni a kicin, ta tura ƙofa.

"Malam, sai yaushe?"

"Zan gaya mata, Yaya."

"Haka ka ce wancan makon. Kullum sai ta tambaye ni motar da Mama za ta shigo. Ni na gaji da ƙarya. Kome nisan jifa ƙasa zai faɗo, in ba ka faɗa mata ba 'ya'yan maƙwabta za su faɗa mata a wurin wasa, su kuwa ba sa zaɓen kalma."

"Ina neman yadda zan ce ne."

"Kai da magana ce sana'arka?"

Na ce mata zan makara, na ɗauki jakata na fita.

Ajin yana nan yadda na bar shi, da warin taya da fankar da ke juyawa kamar dole aka yi mata. Ɗalibai suka miƙe suka yi mini gaisuwa ɗaya bayan ɗaya, na amsa. Darasin ranar shi ne kurakuran da muka fi yi, waɗanda muke ɗebowa daga harshenmu mu zuba cikin na wasu. Na sha koyar da shi, bakina ya san hanya ko ba ni.

Na ce kowa ya kawo jimla. Wani da muke kira Direba, wanda ke zama a gaba don kunnensa ɗaya ba ya ji sosai, ya ce, "Borrow me your pen."

"Lend me," na ce. "Mu kalma ɗaya gare mu, aro. Ka ara mini, na ara a wurinka. Su sun raba. Mai bayarwa lend yake yi, mai karɓa borrow."

"To wanda ya karɓa bai mayar ba fa, Malam?"

"Wannan Direba ake ce masa," in ji Tela daga bayan aji. Almakashinta yana wurinsa tun bara, a cewarta. Aka yi dariya.

Mai Kemis ya ce, "I drank my tablets." Na ce take ake cewa, ba a shan ƙwaya a Turanci. Ya ce ai mu komai sha muke yi, mu sha ruwa, mu sha iska, mu sha wahala, me zai hana mu sha ƙwaya. Wani ya ce, "I am hearing smell," na ce hanci ba ya hear, smell kawai ya isa. Ina rubutawa a allo, ina jan layi, ina rubuta gyara a ƙasa. Hannuna yana aiki, ni ina kallonsa.

Na san "I am coming" ce ke biye, don kullum a nan take zuwa. Na tsallake ta, ba wanda ya lura.

Sai Tela ta ɗaga hannu ta ce, "My father is late."

"Me kike nufi?"

"Babana ya rasu, Malam."

"To ba haka kika ce ba. Kin ce babanki ya makara. Bature zai duba agogo ya ce to mu ɗan jira shi."

Na saba faɗin wannan, kuma kullum ana dariya. Yau ma an fara, sai ta yanke a tsakiya. Tela ta sunkuyar da kai, ta ce, "Yi haƙuri, Malam, wallahi na manta." Na ce ba komai, kuma gaskiya na faɗa, ban ji komai ba. Na juya na rubuta musu: My father has died. My late father. Na bayyana cewa kalmar in ta zo gaban suna mamaci take nufi, in ta zo bayan is jinkiri ne kawai, mutum yana hanya.

Direba ya daɗe yana kallon allon. "Ikon Allah," ya ce. "Mu mun ce marigayi, ya riga mu. Su sun ce ya makara. To Malam, wa ke gaba wa ke baya?"

Na ce wannan ba ya cikin darasi. Na goge allo, na sallame su.

Da na iso gida rana ba ta gama faɗuwa ba. 'Yar Baba tana kan kujerarta a bakin ƙofa, silifas a gefe. Yaya tana ciki, ina jin ƙarar kwanoni. Yarinyar ta leƙa bayana tukuna, ta ga ba kowa, sannan ta dube ni.

Muna da wani wasa ni da ita. In ta koyo sabon Turanci a makaranta sai ta kawo mini. In daidai ne in ciro jan birona in yi mata alamar maki a tafin hannu, ta wuni tana ƙin wankewa. In da kuskure in gyara, ta maimaita, sannan ta sami makinta. Tun rasuwar ba mu yi ba.

"Baba, na iya sabo," ta ce. "Antin ajinmu tana faɗa wa masu zuwa bayan an buga ƙararrawa."

"Faɗi in ji."

Ta miƙe tsaye, ta haɗe ƙafafu kamar a aji. "Mama is late."

Ta miƙo tafin hannu.

Na duba jimlar kamar yadda na saba. Suna yana wurinsa, is tana wurinta, kalmar ta zo a baya kamar yadda na rubuta a allo ɗazu. Babu inda jan biro zai taɓa. Har na ciro shi daga aljihu na cire murfin. Da na yi mata makin nan, da ta koma kujerarta da murna, gobe ma ta zauna, jibi ma haka.

Na durƙusa har kanmu ya zo daidai. A ciki ƙarar kwanoni ta tsaya.

"Turancinki daidai ne, 'Yar Baba. Amma maganar ba haka take ba. Mama ba makara ta yi ba."

"To me ta yi?"

Na nemi kalma mai laushi a harsuna biyu, ban samu ba. Na faɗi wadda kowa yake faɗa.

"Mama ta rasu. Ba za ta dawo ba."

Ba ta janye hannun ba. Ta dubi silifas, ta dubi hanya, ta dawo da ido kaina.

"Amma ta ce I am coming."

"Ta faɗa."

"Kai kullum kana ce mata kuskure ne."

"Haka ne."

Goshinta ya tattare irin na uwarta. Sai ta kama hannuna, wanda ke riƙe da biron, ta ɗaga shi da hannayenta biyu.

"To ka gyara mata mana, Baba."

A nan ƙafar da ba ta ji ta farka. Zafin ya taso mini tun daga ƙasa, biron ya suɓuce ya gangara ƙarƙashin kujera. Na rungume ta ina kuka da ƙarfi a bakin ƙofa, mutane suna wucewa. Ita ba ta fara nata ba tukuna, tana ta laluben biron da ƙafa don ta miƙo mini.