Kafaɗar Inna Hajo

Ranar sunan 'yarsa ta fari, Shamsuddin yana tsaye a bakin ƙofar falo da farantin naman rago a hannu lokacin da matarsa Yasmin ta miƙa wa mahaifiyarsa jaririyar. Gidan nasu na unguwar Treichville ya cika da mata, hayaƙin turaren wuta ya gauraye da ƙamshin soyayyar ayaba. Inna Hajo ta karɓi jikarta tana murmushi, ta yunƙura za ta ɗaga ta sama ta ga fuskarta da kyau. Hannunta na dama bai wuce ƙirji ba ya sake, kamar an tsinke igiya. Ba don Yasmin na riƙe da gefen tawul ba, da kan yarinyar ya bugi tayil.

Inna ta zauna a hankali, ta kwantar da hannun a cinya.

"Tawul ɗin ne da santsi," ta ce.

Shamsuddin ya ajiye farantin ya fita baranda, don shi ya san ba tawul ba ne.

*

Shekara biyu ke nan. A wata damina Inna ta zame a lungun gidansu na unguwar Bromakoté da ƙwaryar fura a ka, ta tokare ƙasa da hannun dama. Ta kira shi a waya yana tashar jiragen ruwa, inda yake aikin fitar wa 'yan kasuwa kaya, kwantena uku na jiran takardu.

"Ɗan Azumi, kafaɗar nan ba ta bar ni in kwanta a kanta." Haka take kiransa, tun da ɗan fari ne ba ta kama sunansa.

"Buguwa ce, Inna, ga kuma shekaru. Zan kawo miki magani."

Ranar Juma'a ya tsaya wajen matan da ke baza ƙwayoyi a faranti kusa da tashar Adjamé. Wata ta zaro masa kati guda na tiramol, ta ce ko ɗan dako ya sha wannan sai ya manta yana da jiki. Gaskiya ta faɗa. Kwana biyu Inna ta koma bakin turmi, tana dakan geron da ta yi shekara talatin tana daka, tun zuwansu daga Tawa, tun kafin mijinta ya rasu ya bar ta da shi yana ajin farko.

Daga nan abin ya zama al'ada. Kowace Juma'a ya kawo kati, ta cika masa kula da fura, ya kai ofis abokan aiki suna yabo. Zamansa bai wuce minti goma sha biyar. Ya lura ta fara miƙo masa kular da hannun hagu, ita da ta sha marinsa yana yaro a kan karɓar abu da hagu. Ya gani sarai, ya kau da kai ya duba wayarsa.

*

Kwana uku bayan suna ya kai ta wurin likitan ƙashi a wani asibiti na Treichville. Likitan dattijo ne mai farin gashi, ba ya jin Hausa, Inna kuwa Faransancinta na ciniki ne kawai. Shamsuddin ya zama tafinta.

Likita ya sa ta ɗaga hannu gefe. Ta ɗaga kaɗan, sai kafaɗar gaba ɗaya ta tashi zuwa kunne, hannun ya tsaya. Ya kama shi da kansa ya kai sama, ya ce ta sauke a hankali. Yana sakewa hannun ya faɗo ya bugi cinyarta. Ta cije leɓe. Ya sa ta juya babban yatsa ƙasa ta tura hannunsa, yatsunsa biyu kawai suka rinjaye ta. Da ya zame wuyan rigarta don ya ɗora na'urar eko mai haska cikin jiki, Shamsuddin ya ga bayan kafaɗar ya lotsa, ƙashi ya fito, rami ya zauna inda nama yake a da. Ya sunkuyar da kai.

"Jijiyoyi huɗu ne ke riƙe kan ƙashin hannu a mazauninsa," likita ya ce da Faransanci, yana nuna allo. "Ta saman nan ta tsinke gaba ɗaya, ta ja baya. Ta biyun ma ta fara. Wannan ba ciwon jiya ba ne. Tambaye ta yaushe ya soma, kuma me take sha."

Shamsuddin ya tambaye ta, Hausar na yi masa nauyi a baki. Ta kwance bakin zaninta ta fito da katin. Likita ya juya shi gaba da baya, ya ajiye a tebur.

"Wannan ya kashe zafin ne, ita kuma ta ci gaba da yaga abin da ya rage. Wa ke ba ta? Ba wanda ya san tana ciwo?"

Shamsuddin bai fassara ba, amma ta karanta tambayar a fuskar likitan.

"Ce masa ni nake saye da kaina," ta ce, idonta a kan bango. "Ce masa ɓoyewa na yi, ban faɗa wa kowa ba."

"Inna…"

"Faɗa masa abin da na ce."

Ya buɗe baki da niyyar faɗin gaskiya. Abin da ya fito shi ne maganarta, kalma bayan kalma, cikin Faransancinsa mai kyau na ɗan lakwal da ya sha boko. Likita ya dube shi ta saman tabarau na ɗan lokaci, sannan ya jawo takarda.

Ya ce da a watannin farko aka zo, da an ɗinke jijiyar ta kama. Yanzu sai an yi babban hoto a ga ko tsokar tana da sauran rai, amma kada su sa rai da yawa. Za a yi mata allura a gaɓar, a raba ta da ƙwayar a hankali, ta riƙa zuwa wajen masu motsa jiki sau uku a mako don sauran tsokokin su koyi ɗaukar aikin. Taɓarya kuwa ta yi sallama da ita.

"Me ya ce?"

"Ya ce za ki samu sauƙi. Amma ba daka."

"To furarka fa?"

Ya karɓi takardar likita ya ninke, ya sa a aljihu.

*

La'asar ta yi lokacin da suka tari woro-woro, tasin haɗaka, mai zuwa Adjamé ta Bromakoté. Wajen shiga, kanta ya gogi saman ƙofa, kallabinta ya warware ya zame wuya. Furfurarta ta bayyana a gaban direba da fasinjoji biyu maza. Ta kai hannun hagu ta jawo ƙyallen, ya sake sulluɓewa.

Shamsuddin ya zauna gefenta ya kama bakin kallabin biyu. Ya naɗa, ya kwance. Ya sake naɗawa, ƙullin ya faɗo mata a ido.

"Bar shi," ta ce ƙasa-ƙasa. "Tsahara za ta gyara in mun isa."

"Wace Tsahara?"

"Mai ƙosai, ta ɗakin da ke kallon nawa. Ita ke ɗaura mini kowace safiya. Ita ke sa mini riga ma."

"Tun yaushe?"

Motar ta hau gada, iskar ruwa ta shigo ta tagar da gilashinta ya fashe. Inna ta danne kallabin a ka da tafin hagu, hannun dama na kwance a cinyarta. Haka ta riƙe shi har Bromakoté, shi kuma yana kallon ruwa.