Sunan Iya a Ƙwaryar Bunsuru

Wani mafarki na yi a daren jiya, har yanzu bai sake ni ba.

Na gan ni a wani gari da rana tsaka, ruwa yana tsattsafowa daga ƙasa yana tafiya sama. Wandon kowa ya jiƙe sharkaf, huluna kuwa a bushe. Ban yi mamaki ba. Hankalina yana kan Iya, mahaifiyata, da ta dafa kafaɗata tana jan ƙafa. Ƙafafun sun kumbura har silifas ya ƙi shiga. Kwana shida ke nan ba a yi mata wankin ƙoda ba.

Sai na ɗan faɗi aikina, don daga can mafarkin ya ɗebo ni. Asibitin da Iya ke zuwa mutum tara kawai injinansu ke iya wankewa a rana, masu jira kuwa sun fi arba'in. Ni na rubuta musu 'yar manhajar da za ta riƙa tashi da kanta ƙarfe shida na safe, ta bi sunayen da aka rubuta ɗaya bayan ɗaya, ta tura wa kowa saƙo ta waya da lambarsa a layin jira. Sunayen a dikshinari na zuba su, wani ma'aji ne a cikin manhaja, kowane suna da bayaninsa. A kwamfutata sabuwa, yadda ka zuba haka suke fitowa. Ta asibitin tsohuwa ce tukuf, tsohon yayi ke kanta, wanda babu ruwansa da wa ya riga wa shiga. Nas Asabe ta ce min, "Malam Tasi'u, da ka gwada a kan tamu tukuna." Na ce mata ba yau na fara aikin nan ba. Ni dai ba na son a koya min aikina, wannan kowa ya sani.

A hanya muka wuce wata mai tuwo. Ta kwashe tuwo, sannan ta hura wuta, sannan ta ɗauki dawa za ta kai niƙa. Na ce, "Baiwar Allah, haka ake yi?"

Ta ce, "Wanne na bari ban yi ba?"

Sai ga mu a ofishin asibiti. Awaki ne ma'aikatan, kowace da biro a bayan kunne. Babbansu wani bunsuru ne mai tabarau, wata ƙatuwar ƙwarya a gabansa cike da guntayen takardu. Yana ganina ya miƙe.

"Injiniya da kansa. Zauna mana. Ai kai ka kafa mana tsarin."

Ya girgiza ƙwaryar, ya sa baki ya zaro takarda ɗaya, ya kira suna. Mai sunan bai ma iso ba, daga bakin titi aka hango shi yana sallamar mai Keke Napep. Aka jira shi.

Raina ya ɓaci. Na ce, "Yallaɓai, tsohuwar nan ita aka fara rubutawa. Tun mai gadi bai buɗe ƙofa ba take zaune."

"Tana cikin ƙwarya," in ji shi.

"Na san tana ciki. Cewa na yi ita ce ta farko."

Ya sauke tabarau ya dube ni. "Injiniya, ka ba mu suna, ka ba mu bayani. Mun riƙe duka, ko ɗaya bai ɓata ba, kai da kanka ka ƙirga sau uku. Amma wa ya riga wa, ba ka ce mu riƙe ba." Yana magana yana tauna wani littafi. Da na duba da kyau, rajistar Nas Asabe ce, wadda take rubuta lokacin zuwan kowa a ciki da hannu. Ni na ce mata ta ajiye ta, an wuce wannan zamanin.

Na zaro kwamfutata na buɗe, na juya masa ita. Ga sunan Iya nan a sama, lamba ɗaya. Na ce, "Ka gani? A tawa yana aiki."

Bunsurun ya waiwaya ya ce wa ma'aikatansa, "Ku rubuta. A tasa yana aiki." Duk suka rubuta. Babu wadda ta yi dariya, da ma sun yi da ya fi min sauƙi. Ya girgiza ƙwarya ya kira na biyu, ya kira na uku.

Na fizge biro na fara sa wa takardun lamba da kaina. Duk lambar da na rubuta sai tawadar ta ɗaga ta bi ruwan, ta yi sama.

Sai na gan ni a ƙofar gidanmu. An kafa rumfa, an shimfiɗa tabarmi, maza zaune jigum. Kawu Ɗanjuma, ƙanen Iya, ya riƙe hannuna ya ce, "Ya haƙuri, Tasi'u? Allah ya jiƙanta."

Na ce, "Kawu, Iya tana layi. Yanzu na baro ta."

"E, tana layi. Gaisuwar ce ta riga fitowa. Rasuwar tana cikin ƙwarya, ita ma za ta fito."

"To wankin fa?"

"Shi ma yana ciki. Ba abin da ya ɓata." Ya matsa min wuri a tabarma. Wani ya miƙo min ruwa a kofi, ruwan ya fice ta sama kafin ya kai bakina. A nan tsoro ya kama ni, tsoro na gaske, don na san babu hannun kowa a abin nan sai nawa.

Ina kan bencin asibiti kuma, kusa da Iya. Kumburin ya bar ƙafa ya wuce gwiwa, ya kai ƙirji. Ruwan jikinta ma sama yake yi. Numfashinta da ƙyar yake fita. An kira mutum takwas.

Na miƙe zan kifar da ƙwaryar, ta riƙe gefen rigata.

"Auta, kada ka yi faɗa da ma'aikata. Zuciyar nan taka." Ta huta kaɗan. "Na faɗa wa duk matan layin nan ɗana ne ya yi abin. Na ce yanzu ba mai tsallake wani."

Matan suka juyo suna kallona.

Bunsurun ya girgiza ƙwarya, ya zaro ta tara. Ya daɗe yana dubanta, sannan ya kira wani suna da ban taɓa ji ba. Wata akuya ta fara rufe tagogi. Na durƙusa a gaban teburinsa, ni da ban taɓa roƙon kowa a kan aiki ba, na ce a ba ni minti biyar, layi ɗaya na rubutun manhajar zan gyara.

Ya ce, "An ba ka minti biyar ɗin, Injiniya. Tun jiya suka fito, lokacin da nas take maka magana."

Sai ƙwaryar ta fara kaɗawa ita kaɗai a kan tebur, tana wani gurnani, ta tsaya, ta sake.

Na buɗe ido. Wayar Iya ce ke ɓari a kan farantin silba a ɗakinta, inda take ajiye ta kusa da magunguna. Gari ya waye. Na duba agogo, shida daidai, yau ce ranar farko da manhajar ta tashi a kwamfutar asibiti.

Na ji Iya tana laluben wayar, farantin ya yi ƙara. Ta yi tari, sannan ta ɗaga murya.

"Auta, zo ka karanta min. Lamba nawa suka ba ni?"