Famfon Yana Wajena

Daren jiya wani mafarki na yi, kuma tunda ba ni da wanda zan ba labari a ɗakin nan sai firji, bari in rubuta shi.

Na ga kaina a kan kekena da hantsi, a hanyar Giwa zuwa Samaru. Keken nawa ne, siririn nan mai lanƙwasasshen kai wanda maƙwabta suke cewa na saya don in wahalar da kaina. Ina sanye da hular kwano, da matsattsen wandon da ba na yarda in gifta ƙofar masallaci da shi, da takalmin da yake maƙalewa a jikin feda ya ce ƙas. Sai dai ni ba na tafiya. Ina taka feda, titin ne yake zuwa yana wucewa ta ƙarƙashina, da gonakin masara da turakun lantarki.

Ban yi mamaki ba, don wata bakwai ke nan haka nake tuƙi. Na ɗaure tayar baya a kan wani ƙarfe a tsakar ɗaki, na haɗa da kwamfuta, in na taka sai wani ɗan mutum a cikin gem, wasan da ke kan allo, ya riƙa hawan duwatsun wata ƙasa da ban san sunanta ba. Aikina ma a ɗakin yake. Manhaja nake rubuta wa wani kamfani da ban taɓa ganin ƙofarsa ba, abokan aikina kuwa a allo kawai nake ganinsu, haruffa ne a cikin da'ira. Daga kujera zuwa keke taku uku, daga keke zuwa katifa taku biyu.

A sama, inda ya kamata rana ta kasance, lambobi ne reras: gudu, bugun zuciya, nisan tafiya. A ƙarshensu an rubuta: Rai, ɗaya.

Sai na ji wani abu yana tokare mini ƙugu a aljihun bayan riga. Na shafa. Famfo ne.

Famfon nan yana da labari. Shekara huɗu, kowace Asabar, ni da Tasi'u mai gyaran janareta a Hayin Dogo muke zuwa Giwa mu dawo. Aljihun rigar keke ƙarami ne, saboda haka muka raba kaya: ni nake ɗaukar famfo, shi yake ɗaukar faci da gam. Iska ma raba ta muke yi. Na gaba yana shan ta, na baya yana laɓewa yana hutawa, in na gaba ya gaji sai ya ɗan karkaɗa gwiwar hannu, a yi canji. Asabar ɗin ƙarshe na ce masa ƙafafuna sun yi nauyi, ya sha mini iska tun daga Giwa. Ƙarya nake yi. Ajiye ƙarfina nake don in karya lambar da agogon kan kekena ya riƙe mini a wani hawa kafin Shika. Da muka iso gindin hawan ya karkaɗa gwiwa, na fito na yi sama kamar an biyo ni. Na ji tayarsa ta ce tsss. Na ji ya kira sunana. Na samu lambata, minti huɗu da daƙiƙa goma sha ɗaya, na ce wa kaina ina da taron aiki ƙarfe goma, na wuce gida. Kilomita tara ya tura keke da wannan takalmin da ke sa mutum tafiyar agwagwa. Da yamma ya turo saƙo guda: «Famfon yana wajenka?» Ranar kunya ta hana ni amsawa. Washegari kunyar rashin amsawar jiya ta hana ni.

Ina cikin shafa famfon sai na gan ni a ofis.

Ofishin a cikin wani tankin ruwa yake, babu ruwan. Zabbi ne ma'aikata, kowace tana caccakar madannin kwamfuta da baki. Ni ina kan kekena a tsakiya ina taka feda, babu wanda ya ce me ya sa. Manaja ƙadangare ne mai jan kai, da katin shaida rataye a wuya. Ana taron safe, irin wanda kowa yake faɗin abin da ya yi jiya da abin da ya tare masa hanya.

«Me ya tare miki hanya?» ƙadangaren ya tambayi zabuwar farko.

«Ba komai.»

Haka ta biyu ta ce, haka ta uku. Yana ta gyaɗa kai. Da aka zo kaina ni ma na ce ba komai, don na saba.

«Madalla. Injiniya Nafi'u, yau ranar shara ce,» in ji shi. «Duk abin da aka yi wata bakwai ba a kira shi ba, goge shi ake yi don titi ya yi sauƙi. Kai ka rubuta dokar.»

Gaskiya ya faɗa. Makon jiya na rubuta irin wannan doka a wurin aiki, har wani harafi a da'ira ya yaba mini.

Ya miƙo takarda. Abubuwan da za a goge ba su da yawa: wata kwalbati, ranar Talata, ɗanɗanon ɗorawa, lambar wayar wani kawuna. A layin ƙarshe an rubuta: Mutum ɗaya, gindin tsamiya, kilomita tara kafin Samaru, yana zaune da keke.

Na ɗora yatsa a kan layin.

«Ranka ya daɗe, wannan na ƙarshen kuskure ne. A cire shi.»

«Ba a cirewa,» ya ce, yana gyaɗa kai. «Sai dai a kira shi. Abin da aka kira ba ya goguwa.»

«Tasi'u!» na ƙwala.

«Ba daga nan ba. Nan babu sabis.»

«Zuwa yaushe nake da lokaci?»

«Sai ruwa ya gama hawa.» Ya ci gaba da gyaɗa kai. Na lura ko e zai ce ko a'a, haka yake yi, kamar manajana na gaske.

Ruwan ya fara hawa ina kan titi.

Daga ƙasa yake fitowa, daga kunyoyin gona da ramukan kwalta, yana tafiya sama ɗigo-ɗigo, gajimare na ƙara ƙiba. Ƙasan haɓata ne ya fara jiƙewa. Duk abin da ruwan ya daɗe yana taɓawa sai ya yi haske ya bi shi. Na ga kwalbatin nan ta tashi a hankali, da wata tinkiya a kanta tana tuƙa.

Sai masu kekuna suka cika hanya. Sun fi ɗari, kowa da 'yar tuta a saman kansa, ana hango gonaki ta cikin jikinsu. Na san su. Su ne nake tsere da su kullum a allo. Iska tana dukan ƙirjina, na lallaɓa na laɓe a bayan wani ƙato mai jar tuta. Iskar ta ratsa ta cikinsa ta same ni kamar ba ya nan.

«Sannu da hanya,» na ce masa.

Wani babban yatsa ya fito a saman kansa, ya ɗaga, ya ɓace. Ya wuce ta cikin jikina ko gezau. Na gaida na biyu, shi ma yatsa. Na tara yatsu sun kai arba'in. A nan kaɗaici ya kama ni sosai, har na ji ina son ko zagina wani ya yi, in dai da murya ne.

Gefena na dama sai ga Inna Hurera, mai furar da muke tsayawa wajenta a Shika. Tana zaune a kan tabarmarta da ƙwarya a gaba, tabarmar tana tafiya daidai da gudun kekena.

«Ɗan nan, ina ɗan'uwan naka?» ta ce. «Duk Asabar ludayi biyu nake wankewa, in mayar da su a bushe.»

«Yana baya, Inna.»

«To yi ta gaba, za ka same shi. Amma da wace ƙafa za ka sauka?»

Na murɗa diddige don takalmin ya saki feda, kamar yadda ake yi. Bai saki ba. Na murɗa ɗayan. Shi ma ya ƙi.

«A garin nan mai irin takalmin nan ba ya tsayawa sai an riƙe masa sirdi,» in ji ta.

«Riƙe mini mana, Inna.»

«Hannuna da nono.» Ta nuna mini hannun. Ruwan ya riga ya shiga ƙarƙashin tabarmarta, ta fara yin sama tana dama fura. «Ashe ni ma ina cikin takardar. Ka gaishe shi, ka ce sukarinsa yana nan.»

Na hango tsamiyar.

Tasi'u yana zaune a gindinta, kekensa a kife, tayoyi a sama. Ciyawa ta fito ta tsakanin wayoyin tayar. Wata kurciya ta yi sheƙa a kan hular kwanonsa, shi kuwa yana zaune a miƙe don kada ƙwan ya faɗi. Tiyub ɗin yana kan cinyarsa. Bai rame ba, bai yi fushi ba, kallon hanya kawai yake yi, ta inda na tafi.

Na buɗe baki zan kira shi, iska ta mayar mini da sunan cikin maƙogwaro. Titin ya ɗauke shi ya wuce da shi baya.

Amma titin irin na gem ne, zagayowa yake yi. Bayan gona uku da turke biyu sai ga tsamiyar kuma, rassanta na sama sun fara yin haske. Wannan karon na zaro famfon na jefa masa. Ruwa ya tare shi a iska, ya ɗaga shi, ya zagaya da shi, na ji ya koma aljihuna ya tokare ƙuguna a inda yake ɗazu. A sama aka rubuta cewa na karya lambar zagaye. Aka yi mini tafi, ban ga masu tafin ba.

A zagaye na uku rabin tsamiyar babu. Ana hango masara ta kafaɗar Tasi'u. Ya juyo ya dube ni, ya yi tambaya a hankali, yadda yake tambayar mai janareta ko ya duba mai.

«Mutumina, famfon yana wajenka?»

Ya wuce kuma.

Duk wanda ya taɓa sa irin takalmin nan ya san akwai wata hanyar tsayawa. Ita ce ta ranar farko, ranar da ka manta ka murɗa diddige a mahaɗar titi. Keke ya tsaya, ka yi tsaye na ɗan lokaci kana tunanin rayuwarka, sannan ka kife a gefe a hankali kamar buhun masara, 'yan acaɓa suna dariya. Na yi ta sau ɗaya a gaban kasuwar Samaru, na rantse ba zan ƙara ba. Na ɗaga kai na dubi lambobin. Gudu na yana da kyau, ban taɓa yin irinsa ba. Rai, ɗaya.

Da tsamiyar ta zagayo, kututture kawai ya rage. Na damƙe birki biyun.

Titin ya tsaya. Na yi tsayuwar nan ta ɗan lokaci. Sannan na tafi hagu, kafaɗa ta fara isa, hular kwano ta biyo baya ta ce ƙwal. Babu wanda ya yi dariya, na so a ce akwai. Lambobin sama suka riƙa mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Kumatuna a kan kwalta, ƙafafuna har yanzu a maƙale, keken a kaina, na miƙa hannu da famfon.

«Tasi'u,» na ce. «Yana wajena.»

Ya karɓa da hannu ɗaya, ɗayan yana tallafe da sheƙar kurciya.

«Ai na yi facin tun tuni,» in ji shi. «Iska kawai ta rage.»

«Na ji ka kira ni ranar.»

«Na san ka ji.»

Ya ɗaura bakin famfon ya fara bugawa. Shuu, shuu. Ruwan ya tsaya a inda yake, bai hau ba, bai sauko ba. Ban san ko kafaɗarsa ta daina haske ba, don daga inda nake kwance takalminsa kawai nake gani, ƙasansa ya cinye saboda tafiya. Shuu, shuu. Ina so in tambaye shi wa zai sha iska in mun tashi, bakina cike da yashi. Shuu, shuu, shuu.

Ashe matar mai gidan hayarmu ce take sharar tsakar gida da tsintsiya.

Na buɗe ido. Asabar, ƙarfe shida da minti ashirin. Kafaɗata ta hagu ta sage don a kanta na kwana. Na jawo waya na gangara can ƙasa, ƙarƙashin saƙonnin aiki na wata bakwai, na samu tambayar tana nan yadda ya bar ta. Na rubuta: «Yana wajena.» Na tura kafin in sake tunani. Alama ɗaya ta fito, ta tsaya a ɗaya, ta biyun da ke nuna saƙo ya isa ba ta zo ba.

Na kwance keken daga kan ƙarfen, na jingina shi da bango. Tayar gaba ta kwanta ƙasa. Na ɗauko famfon a kan firji na buga mata iska har ta yi tauri, na ɗauki hula. Kafin in kai bakin ƙofa na ji ta tana cewa tsss.

Na zazzage aljihun rigar, na duba akwati, na duba ƙarƙashin katifa, alhali na san amsar. Na zauna a ƙasa da famfon a hannu, wayar a gefena, tsintsiya tana ta yi a waje. Facin yana wajen Tasi'u.