Ƙafafun Baba Dogo

Bayan la'asar ne, hadari ya haɗu ta gabas amma iska ba ta ko motsi, Zara matar maƙwabcinmu Baba Dogo ta leƙo shagon ɗinkina ta ce yana kira, in zo da abin awo.

Na same shi kwance a tabarma, ciwo ya cinye shi sai tsawo. Ya nuna mini farin ƙyalle a ninke. Likkafaninsa ne, ɗansa Mutari ya aiko daga Sakkwato.

"Isuhu, ɗana, ruhe ni da shi mu gani."

"Baba, ai ba a yin haka."

"Kai dai ruhe."

Na shimfiɗa masa daga kai. Ya yi shiru a ƙarƙashi, ko numfashi ban gani ba. Ƙafafunsa biyu suna waje, dogaye, da faso.

Daga cikin ƙyallen ya ce, "Mi ka gani?"

Na auna. A mita ya faɗa wa Mutari, yadda muke awo nan Ƙonni, su kuwa can suka yanka a yadi. Adadin ya cika, tsawon bai kai ba. Ga iyaka a rufe shekarar nan, farin ƙyalle ya ɓace a kasuwa.

"Na sani," in ji shi. "Tun da ya iso nake jin sanyi ga ƙahwa. Kada ka bari in tahi haka."

Na ce in sha Allahu. Sai da na yaye ƙyallen sannan ya buɗe ido.

Ran Talata da hantsi ya cika, ana yayyafi. Ina da farin yadi da na ajiye don rigar sallah. Na yanko, na zauna a zaurensa na ƙara a jikin likkafanin da allura, maza na yi masa wanka a ciki. Da liman ya naɗe shi, ƙyallen ya rufe har ya yi saura. Ba wanda ya tambaya.

Da muka dawo daga maƙabarta ruwa ya sauko sosai. Takalmansa na nan bakin ɗaki inda ya cire su, sun cika da ruwa, bakinsu na kallon ƙofa. Zara na zaune ciki, ba ta ɗago kai ba.

Na zubar da ruwan, na shigar da su inda ba za su jiƙe ba.